Darasin da Yaya Ɗalhatu Ya Ɗauko a Babur

Yaya Ɗalhatu shi ne babba a ɗakinmu, ni Halimatu Sa'adiya ni ce auta. A Rawayau aka haife mu duka, cikin ƙasar Kurfi, amma ni aure ya kawo ni Dutsin-Ma tun da jimawa. Shi yana can gida har yanzu. Yana noma, kuma rani da damina yana ɗauko kayan mutane a babur, gero ko wake ko barkono, ya kawo kasuwar Dutsin-Ma.

Yana aji biyu na ƙaramar sakandare idon Baba ya mutu, ya daina gani. Ba wanda ya ce mashi ya bar makaranta. Wata safiya dai ya ɗauki fartanya ya bi hanyar gona, Inna ta bi shi da kallo, shi ke nan karatu ya ƙare. Ya tashi mutum mai zumunci, wanda zai ture kwanon abincinsa ya tafi kai marar lafiya asibiti. Aibinsa ɗaya ne, kuma duk gida mun san shi: ba ya son a gyara mashi magana. In ya ce gobe za a yi ruwa, aka wuni rana na ƙuna, sai ya ce ai an yi a Wurma.

'Yarsa ta fari sunanta Mubina. Tun tana firamare malamai ke aiko mashi da saƙo cewa yarinyar nan tana da kai, kada a yi wasa da ita. Bai yi wasa ba. Ya kai ta makarantar kwana ta 'yan mata, kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya ji cewa Mubina ajin kimiyya za ta shiga, ta karanci haɗa magunguna. Ita ma abin da take so ke nan.

Tana gab da shiga babbar sakandare sha'anin 'yan bindiga ya tsananta, aka rufe makarantun kwana. An kwashe su cikin gaggawa, kowace da kayan jikinta da bokiti, akwatunan littattafai aka kulle a ɗakin kwana aka ce sai an dawo. Daga baya ma layukan waya aka rufe a yankinmu. Na so in ɗauko ta wurina, to amma gidana a cike yake da dangin maigidana da suka gudo daga ƙauyuka, har a ɗakin girki ana kwana. Uwarta Huseina kuma ta rantse ba 'yarta a kan wannan hanya, ko da rana tsaka.

A layinmu akwai wata mai kanti, Kezia, muna ce mata Maman Sylvia. Mutanen kudancin Kaduna ne. Mijinta Malam Simeon malamin lissafi ne a wata sakandare, ita ma an rufe ta, sai ya koma zaman kanti yana auna wa mutane manja. Yaya ne ke kawo masu wake. Wata ranar kasuwa ina wurin, Yaya ya sauke buhu, ya ƙi tafiya, yana ta juya hularsa a hannu.

"Malam Simeon, in an koma makaranta, mi ake tambayar yaro kafin a sa shi ajin kimiyya?"

"Lissafi ne kan gaba, Malam Ɗalhatu. Aljabara da zanen giraf. Ka kawo yarinyar mana, ai zaman banza nike yi."

"Ba ta zuwa. Uwarta ta hana, ni ma ban ga laifinta ba." Ya daina juya hular. "Ni ka koya mani. In kai mata."

Na yi dariya, Maman Sylvia ma ta yi. Malam Simeon bai yi ba. Ya jawo wani kwalin taliya, ya yage gefe ɗaya, ya rubuta 2x + 3 = 11.

"Wannan x ɗin buhu ne da ba ka san nauyinsa ba," in ji shi. "Wannan alamar ta tsakiya tana cewa hagu da dama nauyinsu ɗaya. Ka nemo mani nauyin buhun."

Yaya ya daɗe yana kallon kwalin. Can ya ce, "Ai kamar lodi ne. In na sauke uku a wannan gefe, dole in sauke uku a wancan, in ba haka ba babur ya kayar da ni."

"To sauke."

Ya sauke, saura takwas. Buhu biyu takwas, kowane huɗu ke nan. Da Malam Simeon ya ce daidai ne, na ga Yaya ya yi wani murmushi irin na yara, wanda rabon da in gani tun muna gida.

Haka aka fara. Duk ranar kasuwa, in ya gama sauke kaya, sai ya zauna a bencin kanti a yi mashi darasi ɗaya. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya hau babur yana maimaitawa da baki. Huseina ta ce mani in ya iso, bayan la'asar, sai ya jingina wani ɓallen katako a jikin rumbu, ya ɗauki gawayi, Mubina ta zauna a tabarma. Yakan yi ta tuntuɓe a bayanin, ita kuma ta riga shi isa. Wani lokaci tun bai gama rubuta tambaya ba ta faɗi amsa. Ba ya jin haushi. Ya kwaso aikin da ta yi ya kawo a duba, Malam Simeon ya bi da jan biro yana gyaɗa kai.

"Yarinyar nan ta fi 'yan ajina," ya ce mani rannan. "Kuma uban nata ma, da ya samu dama, da wani zance ake."

Abokan sana'arsa a tasha suka laƙaba mashi Malam Ekis, saboda x ɗin da yake ta maimaitawa. Yana jin su, bai damu ba. Ina ganin ma daɗi yake ji.

Daga neman x suka shiga zane. Layi ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, a ɗiga ɗigo inda x da y suka haɗu, a ja layi ya bi ta kansu. Malam Simeon ya ba shi 'yan takardun giraf da suka rage a jakarsa. Ya nuna mashi lissafi irin y = 2x + 1, ya ce lambar da ke manne da x ita ke faɗin yadda layin ya miƙe ko ya kwanta, a makaranta silof ake ce mata. Ya ce mako mai zuwa zai koya mashi yadda ake auna ta daga jikin zane.

A cikin wannan makon 'yan bindiga suka shiga wata unguwa a bakin gari suka tafi da mutane. Maman Sylvia ta ce ita kam ta gaji, gida za su koma. Da Yaya ya zo, rabin kayan kantin an riga an ɗaure.

"Yau ne na ƙarshe, Malam Ɗalhatu," in ji Malam Simeon. "Ka natsu da kyau. Layi kamar hanya ne. Ka ɗauki wuri biyu a kansa. Daga nan zuwa nan, tafiya nawa ka yi gaba, kuma hawa nawa ka yi sama? Hawan a sama, tafiyar a ƙasa, ka raba. Shi ne silof."

Ya cika mashi takarda gaba da baya da misalai. Suka yi musabaha suka daɗe ba su saki hannu ba. Hadari ya haɗo, na ce ya tsaya ya kwana, ya ce Mubina na jiran darasi.

Abin da ya faru a hanya daga bakinsa na ji, bayan an daɗe. Ya bar kwalta ya shiga hanyar ƙasa ke nan, ya ga mutane na gudu ta cikin gonaki suna yi mashi hannu. Ya tura babur cikin wani kwazazzabo, ya faɗa gonar dawa ya kwanta rub da ciki. Ruwa ya kece. Yana kwance cikin laka yana jin ayarin babura na wucewa, ɗaya bayan ɗaya, ga muryoyinsu suna hira kamar masu zuwa biki. Bai ɗaga kai ba sai da wani tsoho ya zo ya taɓa ƙafarsa ya ce sun wuce.

Da ya isa gida ya zaro takardar, ta zama dame. Tawada ta bi ta cakuɗe. Kusurwa ɗaya ce ta tsira, da misalin farko: tafiya uku, hawa uku, uku bisa uku, silof ɗaya. Ya yi ta kallonsa yana neman maganar Malam Simeon a kansa, ta ɓace. Wanne ne a sama? Misalin bai taimake shi ba, don ko ta ina ka juya uku bisa uku ɗaya zai ba ka. Sai ya yi tunani irin na mai babur, cewa ai sai an yi tafiya kafin a kai ga hawa. Ya sa tafiya a sama.

Ranar kasuwar da ta biyo ya iske kantin da kwaɗo. Waya kuma babu.

Ya koya wa Mubina yadda ya tuna. Ta karɓa ta yi ta aiki da shi, har ta zo kan y = 2x + 1. Huseina na bakin murhu tana jin su.

"Baba, akwai abin da bai hau ba."

"Mi ne ne?"

"Ka ce lambar da ke manne da x ita ce silof. Nan biyu ce. Ga zanen, in na yi tafiya ɗaya sai in hau biyu. In na sa tafiya a sama, rabi nike samu. Amma in na juya, na sa hawa a sama, sai biyun ta fito."

"Haka Malam ya ce a yi."

"Ko dai ruwan da ya jiƙa takardar ne, Baba? Duba ka gani, na gwada da wani ma, haka ya…"

Huseina ta ce ba ta taɓa jin ya ɗaga wa yarinyar murya ba sai ranar. Ya jefar da gawayin.

"Ni na kwanta cikin laka, mutanen daji na wucewa ta kaina, don in kawo maki wannan. Ke kina zaune a inuwa za ki gyara mani? Wa ya zauna gaban Malam, ni ko ke?"

"Kai ne, Baba."

"To yi yadda na ce."

Ta yi yadda ya ce. Watannin da suka biyo baya ba sabon darasi, sai maimaita na baya, don haka kullum sai ya zana mata layuka a katako ta auna, tafiya a sama, hawa a ƙasa, har hannunta ya saba. Ba littafin da za ta duba, ba malamin da za ta tambaya. Ta gaya wa kanta wataƙila akwai wata ƙa'ida a gaba da za ta daidaita rabin da biyun.

Da abubuwa suka ɗan lafa, baƙin gidana suka ragu, aka buɗe makarantun jeka-ka-dawo. Yaya ya kawo mani ita da kansa, aka samar mata wuri a wata sakandare ta 'yan mata a cikin gari. Ba a jima ba aka yi masu jarrabawar raba aji. Ta dawo ranar ba ta ci abinci ba. Na tambaya ta ce kanta ke ciwo.

Sakamako ya fito, maki kaɗan ya hana ta ajin kimiyya. Malamin lissafinsu, wani matashi Malam Naziru, ya ɗaga takardarta a gaban aji. Ba na jin da mugunta ya yi, mamaki ne ya kama shi. Ya ce duk neman x ɗinta daidai, zanenta tsaf, amma duk inda aka tambayi silof a juye ta kawo shi, kuma tambayoyin zane su ne masu maki da yawa.

"Wa ya koya maki haka?"

"Babana."

"Malami ne?"

"A'a. Kaya yake ɗauka a babur."

Ajin ya kwashe da dariya. Malam Naziru ya tsawata masu, sannan ya ce, "To, shi ya sa," ya miƙa mata takardar.

A tsakar gida ta ba ni labarin, tana wanke kwanuka, ba ta ko kalle ni ba. Ta tsame hannu ta ɗauko takardar ta nuna mani tambayar farko ta zane. Wurin ya yi duhu, takardar ta kusa hujewa.

"Biyu na fara rubutawa, Goggo. Na zauna ina kallonta. Sai na goge."

Na yi niyyar ɓoye wa Yaya dalilin, in ce dai ba ta samu ba. Amma da ya zo ranar kasuwa da ƙullin gyaɗa, fuskarsa a sake, yana tambayar ina likitarsa, bakina ya kasa ƙarya. Ya saurare ni har na gama. Ya ajiye gyaɗar a kan turmi ya ce in saka mayafi mu je makarantar.

Mun daɗe a tsaye a baranda kafin mataimakin shugaban makarantar ya ce mu shigo. Yaya ya cire hula, da rigar ruwansa ta hawa babur duk ƙura.

"Ranka ya daɗe, kuskuren da ke takardar yarinyar nan nawa ne. Ni na koya mata a juye. Ta ma gane, na hana ta. A taimaka a sake gwada ta, ko yanzu a kira ta."

"Malam, ajin kimiyya ya cika. Je ka leƙa ka gani, wasu a ƙasa suke zaune."

"Tambaya ɗaya kawai a yi mata."

"In na sake mata, sai na sake wa duk wadda ubanta ya zo. Kowa da uzurinsa a shekarar nan, wasu ma iyayen nasu aka kashe." Ya jawo wasu takardu gabansa. "Ba laifi ka yi ba da ka so taimakon 'yarka. Amma nan gaba a riƙa bar wa malamai aikinsu."

Na zuba ido in ga abin da Yaya zai yi, mutumin da ko a kan ruwan sama ba ya yarda an fi shi gaskiya. Ya ce, "To." Ya mayar da hularsa.

A waje muka ci karo da Malam Naziru. Yaya ya roƙe shi ya nuna mashi daidai ɗin. Malamin ya ɗan ji nauyi, ya tsuguna ya zana a ƙasa da tsinke: tafiya ɗaya, hawa biyu, biyu bisa ɗaya. Ya ce abu ne mai sauƙi, mutane da yawa na juya shi.

"Haka ta ce," in ji Yaya. Bai jira an tashi makaranta ya ga Mubina ba, ya hau babur ya tafi.

Da aka buɗe layukan waya Malam Simeon ya kira ni yana tambayar ɗalibansa biyu. Na ce duk suna lafiya. Ya ce in ba shi lambar Yaya. Na ba shi, ya kira ya kira ba a ɗauka ba, har ya gaji ya bari.

Mubina ta gama sakandare a ajin adabi. Lissafi ma ta ci shi da kyau a jarrabawar fita, amma ba ta da darussan kimiyyar da ake nema, kuma gidan ba mai ƙarfin a koma baya a sake ba ne. Yanzu tana kwalejin horon malamai a nan garin, tana karanta Hausa da zamantakewa. Tana da natsuwa, malamanta na yabonta. In Yaya ya zo takan durƙusa ta gaishe shi, ta kawo mashi ruwa, ta tambayi Inna Huseina da ƙannenta, daga nan ta shige ɗaki. Shi ma ba ya tsayar da ita. Ban taɓa jin ɗayansu ya tayar da maganar ba.

Ni ce na kasa haƙuri, wata rana muna tsinke zogale na tambaye ta ko har yanzu tana riƙe da shi a rai.

"Baba? Ai ba abin riƙewa, Goggo. Ruwa ne ya jiƙa takarda. Kuma wa zai yi abin da ya yi mani?" Ta ci gaba da tsinka. "Ni abin da ke ci mani rai, na gani da idona. Tun daga lokacin, ko a aji, in na san amsa sai in yi shiru in jira wani ya fara faɗa. In ba wanda ya faɗa, sai in ce ƙila ni ce ban gane ba."

Ban gaya wa Yaya wannan ba, kuma ba zan gaya mashi ba.

Huseina ta ce ya sayi wani tsohon littafin lissafi a wurin masu baza littattafai a kasuwa. Yakan shiga zaure shi kaɗai ya yi ta bi, shafi bayan shafi, har ya wuce inda Malam Simeon ya tsaya da shi. Ba ya nuna wa kowa. A tasha wani yaro sabon shiga ya kira shi Malam Ekis, ya sauka daga babur ya ce in ya sake sai ya ga abin da zai biyo baya. Sunan ya mutu daga ranar.

Bayan sallar layya da ta wuce na je Rawayau. Muna zaune da hantsi, Yaya na ɗaure buhunan barkono a babur, sai ƙanwar Mubina, Fauziyya, ta fito da littafinta. Tana aji uku na ƙaramar sakandare yanzu. Ta ce an ba su aikin gida, layi ne aka zana aka ce su nemo lissafinsa, ta rasa ta inda za ta fara. Ta miƙa mashi. Ya karɓa da hannu ɗaya, igiya na ɗayan. Ya duba bai daɗe ba, kuma na san Yaya, na ga a fuskarsa cewa ya riga ya ga amsar. Ya rufe littafin ya mayar mata.

"Ki kai wa malaminku gobe."

"Gobe za a karɓa, Baba. In ban yi ba dukana za a yi."

Huseina ta ce, "Haba Malam, ai ka iya. Nuna mata mana."

"Ni kaya nike ɗauka," ya ce.

Fauziyya ta tsaya riƙe da littafin tana kallon uwarta. Ya ja igiyar ya ƙulle, ya girgiza lodin ya ji ya zauna, ya tura babur ɗin waje.